Sukkar bunni a kek da biskit: damshin ne sirrinsa

'Yar uwa, idan kin shiga bakala a Jidda ko Makka kika ce a ba ki sukkar bunni, wato sukari mai ruwan ƙasa, duba ledar da kyau kafin ki biya. Iri biyu ne ke amsa sunan nan. Akwai mai manyan ƙwayoyi, busasshe, mai zuba kamar yashi. Wannan na shayi ne da barbaɗawa a saman kek. Wanda gashi ke so shi ne mai laushi, wanda in kin damƙa a hannu zai dunƙule.

Abin da ke dunƙule shi baƙin ruwan rake ne, wanda Larabawa ke kira asal aswad, ɗanɗanonsa kusa da na mazarƙwailarmu. In ba ki samu mai laushin ba, haɗa naki: farin sukari giram 200, asal aswad babban cokali ɗaya, ki murza da yatsu har kalar ta game. Cokali biyu in kina son mai duhu. Dibis, wato ruwan dabino mai kauri, ma yana yi, sai dai ƙamshin dabino zai fito.

Wajen awo ake yawan faɗuwa. Sai kin danna sukkar bunnin cikin kofi ya cika tam, kusan giram 200 zuwa 220. In kika zuba shi sakwa-sakwa, zaƙi da damshi duk za su gaza. Sikeli ya fi.

Sukkar bunni yana da ɗan tsami, shi ya sa yake tafiya da bikarbonat, wato baking soda, su haɗu ƙullu ya tashi. Ga biskit mai laushin ciki: fulawa giram 250, bota 150, sukkar bunni 150, farin sukari 50, ƙwai ɗaya, bikarbonat rabin ƙaramin cokali, gishiri kaɗan. Wuta digiri 180 na Celsius, minti 10 zuwa 12. Ki sauke da zarar gefe ya yi ƙarfi, ko da tsakiya na da taushi. Kalarsa na ruɗi, domin ƙullun tun asali mai duhu ne.

A kek mai son tashi sosai, kada ki musanya farin sukarin duka da sukkar bunni. Rabi ya isa, in ba haka ba zai yi nauyi.

Sanyin na'urar ɗaki da busasshiyar iskar Riyad kan mayar da sukkar bunni dutse. Bai lalace ba, ruwansa ne ya tsere. Saka yankin burodi a cikin robar da kike ajiye shi, ki rufe ruf, ya kwana. Sannan ki murƙushe duk wani gudaji kafin ki buga da bota, don ba ya narkewa a gashi.