Hular da na sa wa tsiron masara

Ƙwayoyin masara na shuka a ƙananan gwangwanaye, na jera su cikin kwali, na huda ƙofa guda a gefe don haske ya shiga ta nan kaɗai. Da suka ɓullo, tun suna kamar tsinke, ganye bai fasa kubensa ba, sai na kasa su uku. Wasu na ɗora musu 'yar hula ta takardar alminiyom a tsinin kai, wasu na naɗe musu jiki sako-sako na bar kan a waje, sauran ban taɓa su ba.

Ba a jima ba waɗanda ban taɓa ba duk suka karkata wajen ƙofar. Masu naɗaɗɗen jiki ma suka bi su. Masu hula kuwa suka miƙe sambal, ko a jikinsu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne inda lanƙwasar take: ba a tsinin ba, a ɗan ƙasa da shi. Ashe kan ne ke jin hasken, wani wuri daban ke yin aikin.

Dabarar ba tawa ba ce. Charles Darwin da ɗansa Francis sun yi ta da tsiron wata ciyawa, suka wallafa a 1880 cewa lallai wani saƙo na saukowa daga kai. Daga baya Frits Went, ɗan ƙasar Holan, ya tatso sinadarin da ke ɗauke da wannan saƙo daga yankakken kan tsiro, sinadarin da yau ake kira oksin. Idan haske ya bugi gefe guda, sinadarin yakan taru a gefen inuwa, ƙwayoyin halittar wannan gefen su fi na ɗayan tsawo, dole karan ya ranƙwafa wajen haske. Wato ba hasken ke jawo shi ba, gefen inuwa ke tura shi.

Mai son gwadawa ya kula da lokaci, domin da zarar ganye ya keto kube, gwajin ya wuce. Hular kuma ta zama marar nauyi, kada ita ta lanƙwasa tsiron. A liƙe duk wata kafa ta kwalin, don ɗan hasken da ya sulale ta tsaga ma yana isa ya rikita su.

Na kuma toshe ƙofar da leda mai launi. Da shuɗiya sun karkata sosai, da ja kuwa da ƙyar suka motsa, domin shuɗin haske ne tsinin ya fi ji.