Godiya bayan kammala jinyar Yaya

Alhamdulillahi. Yayata ta karɓi ƙarin ruwa na ƙarshe na maganin sankarar mama, kuma hoton da aka yi mata ya fito lafiya lau. Ita ce ta sa ni rubuta wannan a madadinta da dangi baki ɗaya.

Bayan Allah, godiyarmu ta farko tana ga mutanen da ko fuskarsu ba mu sani ba, wato ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Da aka ciro ɗan tsoka daga ƙullutun, mu dai hankali a tashe, so muke a fara magani nan take. Likita ta ce mu dakata tukuna, sai an gano irin furotin da ke jikin ƙwayoyin cutar, don sankarar mama suna ne ɗaya amma iri-iri ce. Uku ake dubawa: biyu masu karɓar sinadaran jikin mace, sai na ukun da ake kira HER2. Don auna HER2 ɗin, rini ake shafa wa tsokar, a duba ta a madubin likita, a ba ta maki daga 0 zuwa 3+. Na Yaya 3+ ya nuna. Da a 2+ ya tsaya, da sai an ƙara wani gwajin kafin a yanke hukunci.

HER2 shi ke zuga ƙwayar halitta ta yi ta ninkuwa, idan ya yi yawa cutar gudu take yi. Kusan mace ɗaya cikin biyar masu wannan ciwo haka nata yake. A 1987 Dakta Dennis Slamon da abokan aikinsa suka nuna wannan alaƙa, a 1998 kuma Amurka ta amince da trastuzumab, maganin da ke maƙale wa furotin ɗin ya hana shi aiki. Shi aka haɗa wa Yaya da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, aka ci gaba da shi duk bayan mako 3 har shekara. Sauran biyun, masu karɓar sinadaran jikin mace, ba su fito a jikinta ba, shi ya sa ba a ba ta tamoxifen ba, ƙwayar da ake ba waɗanda suka fito a jikinsu. Ga amsa nan ga 'yan'uwan da suka yi ta tambaya, cikin ƙauna na sani, me ya sa ba a ba ta irin ƙwayar da wance ke sha ba. Ta wance daban, ta Yaya daban.

Likita, Allah ya saka da alheri. Kin jure gajen haƙurinmu, ba ki taɓa gajiya da maimaita bayani ba. Nas-nas da suka sha neman jijiya a hannun da ya gaji da allura, sannunku. Haka ma mai ɗaukar hoton zuciya duk wata 3, domin maganin yana iya raunana zuciya, dole a sa ido.

Mijin Yaya kuwa ba a magana. Allah ya bar zumunci. Waɗanda suka tallafa da aljihunsu suka ce kada a ambace su, mun rufa, amma Allah ya san ku.

Yaya za ta ci gaba da zuwa ana duba ta lokaci-lokaci, kuma ƙarfinta bai gama dawowa ba, don haka mai son zuwa gaisuwa ya fara kirana tukuna. Ta kuma roƙa a sa waɗanda ta baro a ɗakin ƙarin ruwa cikin addu'a, Allah ya tashi kafaɗunsu.