Kabewar Halowin, Talotalon Godiya, da Tukunyarmu ta Kaka

Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, duk wanda ya buɗe waya a Kaduna sai ya ci karo da hotuna iri biyu: kabewa da aka ƙwaƙule, aka huda mata idanu da baki ana kunna wuta a ciki, da kuma gasasshen talotalo a tsakiyar tebur, dangi sun kewaye shi. Dukansu bukukuwan kaka ne. Lokacin da masara ke cika kasuwar Saminaka, ake haƙar citta a Kachia da Kwoi, dawa kuma ke jiran yanka, shi ne lokacin da manomin ƙasashen sanyi ke gama kwashe amfaninsa kafin ƙanƙara ta rufe gona.

Na kabewar shi ne Halowin, daren 31 ga Oktoba. Asalinsa wani tsohon biki ne na mutanen Ayalan da Sikotilan da suke kira Sawin, na sallama da kaka da shiga hunturu. Sun yi imani cewa a daren nan matattu da iskoki kan sami hanyar yawo cikin masu rai, don haka ake hura wuta a fili, ake ɓad da kama. Daga baya coci ta sa ranar tunawa da tsarkaka a 1 ga Nuwamba, jajiberinta ya haɗe da tsohon bikin. Fitilar kuwa daga tatsuniya ta fito: wani marowaci mai suna Jak ya yi ta yaudarar Shaiɗan, da ya mutu aka hana shi shiga aljanna da wuta, aka bar shi yana gararamba da garwashi a cikin ƙwaƙulallen saiwar wata shuka. Saiwar suke sassaƙawa a Ayalan. Sai da yunwar shekarun 1840 ta kora su Amurka suka tarar da kabewa, ta fi girma, ta fi sauƙin yanka.

Abin tsoro dai ba baƙo ba ne a wurinmu. Bayan girbi, da an ci tuwon dare, kaka ko gwaggo ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "Ta zo mu ji ta", sai Dodo ya fito, sai fatalwa, sai ɗan ƙaramin da ya ƙi jin magana ya bi dare. Yaran Amurka da ke bi gida-gida a ba su alewa kuwa, duk wanda ya ga tashe a watan azumi ba zai yi mamakinsu ba. A ganina babu abin da za mu aro a nan. Kabewar da aka huda ma asara ce tsagwaronta: iska na shiga naman sai ya fara yaushi, a zafin Oktoba na Kaduna kwana biyu ko uku ta yi funfuna, ga ƙudaje. Miyar gida guda ce aka zubar.

Na talotalon ya fi kama hankali. Ranar Godiya ce, Alhamis ta huɗu a Nuwamba a Amurka, Litinin ta biyu a Oktoba a Kanada. Ana danganta ta da walimar kwana uku da aka yi a 1621 tsakanin Turawan Ingila 'yan ci-rani, su kusan 50 da suka tsira daga hunturun farko, da 'yan asalin Amurka na ƙabilar Wamfanowag kusan 90. Shugaban Amurka Abraham Linkon ne ya ayyana ta ranar ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ranar a doka a 1941. Ya kamata a faɗa cewa ba kowa ke murna ba: tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a ranar don makokin filaye da rayukan da kakanninsu suka rasa.

Godiyar kaka mu ma muna da ita, kuma tamu tana da lissafi. Manomi Musulmi da amfaninsa ya kai nisabi, wato sa'i 300, yana fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar da gonar, ɗaya bisa ashirin idan da wahalar ban ruwa aka noma. A coci-cocin Kaduna, daga Sabon Tasha har Kafanchan, ana ware Lahadi ta godiyar girbi, a kawo doya da buhun masara da kaji. Abin da ya rage shi ne zaman cin abincin, a tara dangi ba don biki ko rasuwa ba. Ga mai son yin hakan da kabewa da talotalo, to ga inda ake yawan samun matsala.

A fara da tsuntsun. Talotalon da ake gani a hotunan nan na gona ne, ɗan watanni kaɗan, namansa da taushi. Wanda za ku saya da rai a kasuwar Kawo galibi ya girme shi, ya yi yawo ya yi kiwo, cinyarsa duk jijiya. Idan aka gasa shi ɗungurungum, ƙirji zai bushe kamar katako alhali cinya ba ta nuna ba. Maganin shi ne a raba su. A cire cinyoyi da fukafukai, a zuba su a tukunya da albasa biyu, citta, tafarnuwa, masoro da kanunfari kaɗan, ruwa ya ɗan rufe su, a bar su a ƙaramar wuta awa ɗaya da rabi zuwa biyu har cokali mai yatsu ya shige ba gardama. Sannan a tsame, a shafa mai da yaji, a gasa minti 20 fatar ta yi ja. Romon kada a zubar, yana da aiki a gaba.

Ƙirjin kuwa gishiri yake so tun jajibere. Ga talotalo mai kilo 5, babban cokali biyu na gishiri ya isa duka jikinsa. A ɗaga fatar da yatsa a shafa a kan naman kansa, a sa a firij ya kwana ba a rufe ba, don fatar ta bushe. Gishirin yana fara jawo ruwa waje, daga baya naman ya sake tsotse shi, shi ya sa ba ya bushewa a wuta. Washegari a shafa man shanu, a sa a obin, wato murhun gashi, mai zafin digiri 165 a ma'aunin Salsiyos. Wajen sanin nunarsa, agogo ba shi ne alƙali ba. Mai ma'aunin zafi ya soka a wuri mafi kauri, sai ya nuna digiri 74. Marar shi ya soka wuƙa, ruwan da ya fito ya zama fari tas, babu ja. Idan fatar ta yi duhu da wuri, a lulluɓe da takardar foyil. Bayan an sauke a bar shi minti 20 zuwa 30 kafin a yanka, in ba haka ba duk ruwan a faranti zai ƙare.

Mai sayen daskararre ya kula da narkarwa. A firij, kwana ɗaya ga kowane kilo biyu. Idan wuta ba ta tsayawa, a bar shi cikin ledarsa a nutsar a ruwan sanyi, ana sauya ruwan duk rabin awa, kusan awa ɗaya ga kowane kilo, a dafa nan take. Kada a ajiye shi a waje ya kwana: samansa zai ɗumama, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, cikinsa kuwa har yanzu ƙanƙara.

Kabewa ta fi sauƙi, kuma mun fi Amurkawa sanin darajarta, tunda muna da miyar taushe. A kasuwar Bakin Dogo, a zaɓi mai nauyi, wadda farce ba ya huda bayanta, karan kanta kuma ya bushe. Irin wannan tana wata da watanni a wuri mai iska, in dai ba a ɗora ta kan siminti mai damshi ba. Da an yanka a ɗanɗana ɗan guntu. Idan da ɗaci mai ƙarfi a zubar da ita gaba ɗaya, domin ɗacin guba ne mai murɗa ciki, dafuwa ba ta kashe shi.

Don mutum goma: ferarriyar kabewa kilo ɗaya da rabi, tumatir shida, tattasai biyar, attaruhu uku, albasa biyu, manja ludayi ɗaya, daddawa, niƙaƙƙiyar gyaɗa kofi ɗaya, alayyahu ɗauri biyu, yakuwa ƙaramin ɗauri ɗaya. A soya kayan miya har mai ya taso, a juye romon talotalon nan, a zuba kabewar ta dahu minti 20, a farfasa ta da ludayi. Romon kada ya haura kan kabewar, ita ma tana sakin nata ruwan. Yawancin taushen da ke tsinkewa daga nan ne. Gyaɗar a dama ta da ruwan ɗumi kafin a zuba, a rage wuta, a riƙa juyawa har ƙasan tukunya minti 15. Tana kwanciya a ƙasa, kuma da ta kama, ƙaurin ya shiga miyar ke nan. Idan aka sauke da wuri kuma, gafin ɗanyar gyaɗa zai fito. Yakuwa mai tsami sosai a fara tafasa ta daban a zubar da ruwan. Kanwa tana rage tsami, amma ɗan ƙanƙani, yawanta na baƙanta miya. Alayyahu shi ne na ƙarshe, minti biyar, a sauke yana kore. Da tuwon shinkafa ko waina ko sinasir, duk tana tafiya.

'Ya'yan kabewar a wanke, a shanya kwana biyu, a soya a busasshen kasko da gishiri, yara su samu abin taunawa lokacin tatsuniya. Ragowar nama kada ya wuce awa biyu a waje. A zare shi daga ƙashi, a raba a ƙananan mazubai marasa zurfi don ya yi saurin hucewa a firij, a cinye cikin kwana uku. Inda ba a da tabbacin wuta, tun a daren a zuba rabon maƙwabta a kwano a aika yara da shi, sauran a soya shi ƙarau.