Godiya ga waɗanda suka bari na saurare su

Alhamdulillah. A makon nan na miƙa rahoton binciken da na shafe fiye da shekara guda ina yi a kotunan iyali, kan yadda rabuwar iyaye da rigimar riƙo ke taɓa rayuwar yara. Yawancin waɗanda suka tallafe ni ba zan ambaci sunansu ba, domin alkawarin da na yi musu ke nan tun ranar farko. Duk wanda ya ga kansa a nan, da shi nake.

Alƙalan da suka ba ni izinin zama a kujerar baya, ranku ya daɗe, na gode. Shari'ar riƙon yaro da ta kuɗin ciyarwa galibi a rufe ake yin su, tunda sirrin gida ake buɗewa, amma kuka yarda baƙuwa ta zauna da biro da littafi, bisa sharaɗin ba suna, ba hoto. Magatakardan kotu, Allah ya saka muku da alheri. Ku kuka riƙa sanar da ni duk lokacin da aka ɗage zama.

Kafin na fara, na kusa haddace Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989. Sashen ya ce yaron da ke iya bayyana ra'ayinsa yana da haƙƙin a ji shi a duk shari'ar da ta shafe shi, da bakinsa ko ta bakin wakili, a kuma auna maganarsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Na ɗauka na san abin da ake nufi. Ashe ban sani ba sai da wata jami'ar walwalar jama'a ta yarda na bi ta ziyarar gidaje. Yaya, a wurinki na ga yadda ake jin yaro. Kina zama ƙasa don kada ki fi shi tsawo. Ba kya sa masa magana a baki. Ba ki taɓa tambayarsa wa ya fi so tsakanin uwarsa da ubansa ba, don kin ce wannan kaya ne da ba yaro ya kamata ya ɗauka ba. Sai ki tambaye shi wa ke tashinsa da safe, wa ke kai shi asibiti idan zazzaɓi ya kama shi, a ina yake kwana. Daga irin waɗannan ƙananan amsoshi kike haɗa rahoton da alƙali zai dogara da shi wajen gano abin da ya fi zama maslaha ga yaron, wanda Sashe na 3 ya ce a sa shi a gaba. Ke kika nuna min cewa ɗage zama na wata 3, da babba ke gani kamar gobe, zangon karatu ne guda a wurin yaro, yana zaune bai san gidan da zai kira nasu ba. Babi mafi tsawo a rahotona daga wannan magana taki ya fito.

Kwamitin da ke tantance ƙa'idojin bincike ya maido min da takarduna har sau 2. A lokacin raina ya ɓaci. Sun nace cewa izinin iyaye kaɗai bai isa ba, sai shi ma yaron ya yarda, kuma ya san yana iya tsayawa duk lokacin da ya ga dama. Sun kuma nace in gaya wa kowane yaro, tun kafin ya buɗe baki, cewa zan riƙe sirrinsa amma ban da abu ɗaya: idan ya faɗi abin da ke nuna ana cutar da shi, dole in sanar da waɗanda za su kare shi. Ranar ta zo. Wata yarinya ta faɗi abin da ba zan maimaita ba, na tuna mata alkawarinmu, ta ɗaga kai alamar ta tuna, na kai maganar inda ta dace. Da ban gaya mata tun farko ba, da na ci amanarta. Malamaina, na gode da kuka ƙi sassauta min.

Bayan wannan rana barci ya ƙaurace min na tsawon makonni. Mai kula da aikina ce ta lura, ta dakatar da ni daga fita, ta haɗa ni da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ƙanwata da ta taya ni mayar da hirarrakin rubutu tana sauya sunaye, ita ma ta ji abin da na ji, ba ta taɓa fitar da ko kalma ɗaya ba. Maigidana ya riƙe gida, bai taɓa tambayata abin da ba ni da ikon faɗa ba.

Iyaye mata da maza, wasunku sun zaci zan iya yi musu magana wurin alƙali. Na ce ni ba lauya ba ce, ba kuma abin da zan iya sauyawa a shari'arku. Duk da haka kuka zauna kuka ba ni labarinku a ranakun da suka fi muku ɗaci. Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya muku zuri'a.

Sai ku yarana. Kun ba ni lokacinku, wasu da magana, wasu da zane, wasu da shiru mai tsawo da na koyi jira. Da yawanku kun tambaye ni ko wani zai karanta abin da kuka faɗa. An karanta, kuma kwafi ya isa ga kotunan da na zauna a ciki. Yanzu ina rubuta muku naku daban, gajere, da kalmomi masu sauƙi, kuma ni da kaina zan kawo muku kamar yadda na yi alkawari.