Dashe a bakin kududdufan kuza

Daga Taminus, cikin garin Jos, muka tashi da sassafe, ni da wasu matasan unguwar Gangare masu aikin sa-kai, a-kori-kura maƙare da dashen mangwaro, gwaiba da fiya. Damina ce, sanyin Jos kuwa ba ya ɗaga wa baƙo ƙafa.

Muna wuce Bukuru ƙasa ta sauya kama. Tulin jar ƙasa ko'ina, a gindinsa kududdufai shuɗaye, gwanin kyau idan ba ka san tarihinsu ba. Ramukan kuza ne. Kamfanonin Turawa suka fara haƙa tun farkon ƙarni na 20, da farashi ya karye a kasuwar duniya a 1985 harkar ta durƙushe, aka bar ramuka a buɗe. Wuraren da aka cike tun da can, itacen turare aka dasa, shi kuwa a ganina inuwa kawai yake bayarwa, ƙarƙashinsa ko ciyawar kirki ba ta fita.

Shi ya sa matasan nan suka zaɓi itacen da za a ci. Kowane dashe akwai gidan da aka damƙa wa amanarsa, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

A bakin wani kududdufi na tarar da wata dattijuwa tana wanke kuza. Tana juya ƙwarya cikin ruwa, yashi na zubewa, baƙin gari mai nauyi na kwantawa a ƙasa. 'Ya'yanta maza suna can cikin loto, ramin da ake zura mutum da igiya, wanda kan rufta idan ruwa ya yi yawa.

Na ce, "Inna, sannu da aiki. Ga mangwaro an kawo muku."

Ba ta ɗago ba. "Yauwa ɗana, Allah ya saka. Amma kafin ya yi 'ya'ya me za mu ci?"

Jagoran tafiyar ya san za a yi wannan tambaya. Sun yi karo-karo sun sayi injin ban-ruwa, don a ja ruwan kududdufin a yi noman rani: kabeji, karas, dankalin Turawa, a kai kasuwar Farin Gada. Manoma za su riƙa karɓa bi-da-bi.

Nan fa aka zauna gindin turare ana ja-in-ja a kan wanda zai riƙa sayen fetur. La'asar ta yi, hadari ya haɗo, direba ya matsa mu tafi. Mun baro su mai unguwa yana cewa a yanka wa kowa kuɗin mai gwargwadon faɗin gonarsa, masu manyan gonaki suna cewa ba su yarda ba.