Bin sawun ƙura: abin da binciken tarihin makaman nukiliya ya koya mini

Duk wanda ya shiga binciken tarihin makaman ƙare-dangi, sunayen da za su fara tarbarsa ba su da yawa: Oppenheimer, masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin farko na Amurka, Los Alamos inda aka ƙera shi, gwajin farko a hamadar New Mexico ranar 16 ga Yulin 1945, sai Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta. An yi ta rubutu a kansu har an gaji. Ni dai aikina bai kama hanya ba sai da na bar ɗakin gwajin masana, na koma tambayar daga ina aka haƙo ma'adinin, kuma ina iska ta kai ƙurar bayan fashewa.

Tambayar farko ta kai ni Kwango. Kaso mai yawa na yuraniyam ɗin da Amurka ta yi aiki da shi a lokacin yaƙi daga mahaƙar Shinkolobwe ya fito, a lardin Katanga, lokacin Beljiyam na mulkin ƙasar. Takardun cinikin na nan tsaf, da nauyi da farashi. Mutanen da suka shiga ramin kuwa, da ƙyar za ka ji ɗuriyarsu a cikin kundi.

Ta biyun ce ta fi riƙe ni. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a Saharar Aljeriya, mai ƙarfin kusan ninki huɗu na wanda aka jefa wa Hiroshima. Gwaji 17 ta yi a wannan hamada zuwa 1966: huɗu a sarari, sauran a ƙarƙashin dutse a In Ekker. Hukumomin Faransa sun ce wurin ba kowa. Alhali akwai garuruwa masu dabino, akwai makiyaya da ayarin fatake. Kuma duk wanda ya taɓa share ƙurar hunturu a tsakar gidansa ya san ƙurar Sahara ba ta zama inda ta tashi. Don nuna adawa da gwaje-gwajen, Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Ghana, gwamnatin Tafawa Ɓalewa kuma ta sallami jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, bayan gwaji na uku. Nijeriya ke nan, ƙasar da a lokacin wata uku da 'yan kwanaki kacal ta yi da samun 'yanci, abin da har yanzu yake burge ni.

A nan na koyi duba ranar da aka saki takarda kafin in karanta abin da ke cikinta. Taswirar sojan Faransa da ke nuna yadda burbushin gwajin farko ya bazu zuwa Chadi da Afirka ta Yamma ba ta fita daga sirri ba sai 2013. Ke nan wanda ya yi rubutu kafin wannan shekara, da abin da aka ga damar nuna masa ya yi aiki. Shi ya sa yanzu ba na saurin yarda da shirun kundin gwamnati. Idan takarda ta ce babu wanda ya cutu, sai in nemi sanin wa ya auna, a wane gari, kuma ko an taɓa komawa a sake aunawa bayan shekara goma. A batun mazauna yankin Reggane, wannan tambaya ta ƙarshe ita ce har gobe ake ja-in-ja a kanta tsakanin Aljeriya da Faransa, tare da batun wuraren da aka binne kayan da suka gurɓata.