Digiri goma sha ɗaya da ban sa a lissafi ba

Shekara ta uku ke nan ina koyon haɗa kwamfutocin tebur a wani shago da ke kusa da Circle, a nan Accra, lokacin da maigidana ya fara sakar mini aikin ƙara wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta. A ganina na wancan lokaci aikin bai wuce shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta na asali, a ɗaga lamba, a ƙara wuta, a duba ko na'urar za ta tashi ba. Wanda ya warware mini wannan tunani wani matashi ne daga unguwar Mamobi mai tace bidiyon biki da suna, wanda ya kawo kwamfutarsa a watan Janairu yana neman a rage masa lokacin da take ɗauka wajen fitar da aiki.

Firosesarsa Core i7-8700K ce, wadda Intel ya fitar a 2017, mai ƙwayoyi shida, gudunta na asali gigahaz 3.7, kuma harafin K da ke ƙarshen sunan shi ne alamar cewa an bar ƙofar ƙarin gudu a buɗe. Na kai ta gigahaz 5 cif, na ɗaga wutar da take sha zuwa bolt 1.35, sannan na sakar mata Prime95, manhajar da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi don gwaji, na tsawon awa biyu ina kallon zafinta a manhajar HWiNFO. Bai wuce digiri 84 ba. Tunda iyakar da aka yanka wa wannan firosesa digiri 100 ce, na ɗauka akwai sauran fili, na karɓi kuɗin aiki, na sallame shi ina jin kaina gwani.

A tsakiyar Maris ya dawo, ransa a ɓace, yana cewa da rana aikin da ya saba gamawa kafin la'asar yanzu sai ya kai magariba, amma da asuba komai lafiya lau. Maigida bai ko taɓa na'urar ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka je ka ga ɗakin da take kwana." Na hau tiro-tiro, ƙaramar bas ɗin haya, na bi shi da ƙaramin ma'aunin zafi a aljihu. Ɗaki ne mai rufin kwano da taga ɗaya, kwamfutar tana ƙarƙashin tebur, bayanta manne da bango, iskar da take fitarwa tana dukan siminti tana komowa cikinta. Da ƙarfe biyu na rana ma'aunin ya nuna digiri 35. Shagonmu kuwa, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, digiri 24 yake a ranar da na yi gwaji.

A nan na fahimci abin da ya kamata in sani tun farko: fanka da ƙarfen shan zafi da ake ɗora wa firosesa ba sa ƙirƙirar sanyi, zafi kawai suke kwashewa daga firosesa su miƙa wa iskar ɗaki, saboda haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru kusan haka firosesa za ta ƙaru. Digiri 84 na shago ya zama 95 a Mamobi kafin a yi maganar bango da ƙura. Da na buɗe akwatin, ƙurar hunturu ta yi wa haƙarƙarin ƙarfen shimfiɗa kamar bargo, na sa yatsa na ɗago ta a dunƙule. Firosesar tana taɓa 100 sai ta ja wa kanta birki don kada ta ƙone, gudunta ya faɗi ƙasa da inda yake kafin in sa mata hannu. Wato na karɓi kuɗin mutum na rage masa gudu. Alkaluman da muke gani a bidiyon masu gwaji na Turai da Amurka galibi a ɗaki mai sanyi aka ɗauke su, kuma ni na kwafe su kamar Accra ba ta da watan Maris.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na wuta. Zafin da firosesa ke fitarwa yana tafiya daidai da gudu, amma game da bolt ninki yake yi, domin ana lissafa bolt ɗin ne sau kansa. Da na sauko daga gigahaz 5 zuwa 4.8, gudu ya ragu da kashi 4 cikin ɗari kacal, amma hakan ya ba ni damar sauke wuta daga 1.35 zuwa 1.25, kuma a lissafi wannan ya zaftare kusan kashi 18 na wutar da take ci. Mai bidiyon ba zai taɓa jin rashin kashi 4 ba, alhali raguwar zafin a take ta bayyana. Tun daga ranar na daina barin bolt a hannun babban allo, wato faifan da ake dasa firosesa a kai, ya zaɓa da kansa, domin yawanci yakan zuba fiye da buƙata. Wuta mai yawa ba zafi kaɗai take kawowa ba, tana cin firosesa a hankali. A 2024 Intel da kansa ya amince cewa hauhawar bolt ce ke lalata wasu firosesocinsa na zubi na 13 da na 14, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS.

Akwai masu cire murfin ƙarfen irin wannan firosesa su canza man isar da zafi da ke ƙarƙashinsa, tunda shi Intel ya shafa a wurin maimakon dalma, kuma gaskiya zafi na sauka sosai. Ba na yi wa na'urar da mutum ke ci da ita, domin hannu na zamewa sau ɗaya an gama. Sanyaya ta ruwa ma ba na saurin ba da shawararta, saboda lagiretonta da iskar ɗakin nan yake aiki, kuma in famfonta ya mutu shiru yake mutuwa.

Mun hure ƙurar, mun goge tsohon man da ke tsakanin murfin firosesa da ƙarfen shan zafi muka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, mun ɗora akwatin a kan tebur taki ɗaya daga bango, sannan na sake gwajin a ɗakinsa, da tsakar rana, fankar sama a kashe. Ta tsaya a digiri 83. Ya tambaye ni ko wata rana za a iya mayar masa da 5 ɗinsa, na ce masa sai ranar da ya sa silin a ɗakin.